Surfe Ba Ruwa

Ƙanwata Nazira, wadda ke koyarwa a lakol ɗin Gidan Sori, ta rubuta littafi. Gajerun labarai goma sha biyu ne, cike da rijiyoyi masu magana da jakuna masu fukafukai. Abokan aikinta sun yaba har bakinsu ya gaji, amma ko a jikinta. Yabon mutum ɗaya take nema, na kakarmu Indo, wadda ta raine mu da tatsuniya, kuma wadda ta taɓa ce mata takarda ba ta da baki, ba ta iya ba da labari.

Ran Juma'a da hantsi na ɗauke ta a babur muka tafi. Ganin yadda ta rungume littafin a ƙirji, na ce ko dai jarrabawa za mu. Ba ta kula ni ba.

Mun tarar da Indo a gindin bishiyar bedi tana ɓarar wake. Ta dubi littafin a kaikaice.

"Shi na wanga? Ɗan siriri awa mai shi. To karanta mu ji, ƙawata."

Nazira ta zaɓi labarin Habiba, matar da rumbunta ya gaji da zama wuri ɗaya, ya tsiro ƙafafu ya nufi kasuwar Cadakori, ita kuwa tana biye da shi da taɓarya. Ta kama karatu. Ni da na zo da niyyar tsokana sai ga ni baki buɗe. Abin da na so, duk abin mamakin da ke ciki a ƙofar gidanmu yake faruwa, har ramin nan na hanyar kasuwa da ke karya amalanke bai tsira ba. Na lura hannun Indo ya tsaya cak a cikin ƙwarya.

Da labarin ya ƙare, tsohuwa ta ce, "Akwai ƙarya ciki."

Fuskar Nazira ta faɗi, har ta ba ni tausayi. Ta ce a hankali, "Ai Kaka, almara ce. Kowa ya san rumbu ba ya tafiya."

"Wa ya yi maganar rumbu? Rumbu ya tahi, na gan shi da idona, har ƙurar da ya tayas. Surfen Habiba nika nuhi. Kin sa ta zuba gero a turmi ta kama surfe ba ta yayyahwa mai ruwa ba. Ina kinka taɓa ganin haka? Dussa ba ta hita, sai dai ta ɓarje tsabar."

Dariya ta ƙwace mini. Shekara biyu Nazira tana gyaran littafin nan, malamai uku sun duba mata shi, ba wanda ya hango turmin.

Nazira ta share ido da bakin gyalenta, ta ce, "Shi ke nan laifinsa?"

"Na wanga dai. Saura nawa?"

"Sha ɗaya."

Indo ta ture ƙwaryar waken gabana, ta gyara zama a tabarma, ta juya wa Nazira kunnenta mai ji da kyau.

"Kai Ilyasu, ɓare muna wake. Ke kau buɗa bakin takardar taki, ba ta gama magana ba."