Hamma Bakwai a Wayar Malam Abatcha

Malam Abatcha ya shekara ashirin da biyu yana duba dabbobi a ƙasar Roni. Yana da ɗan kantin magunguna a bakin kasuwa, amma ba kasafai ake samunsa a ciki ba. Kullum yana bisa babur, jakar allurai a goye, daga wannan ruga zuwa waccan, har cikin Gwiwa, wani lokacin ma ya dangana da Babura.

Lambobin mutanensa duka suna cikin wayar hannunsa, sun haura ɗari shida. Sai dai ba da sunan yanka yake adana su ba. A wurinsa, mutum da dabbarsa ake gane shi. Akwai Mai Karsana Gurguwa, akwai Dela Awaki Tara, akwai Hamma Bijimin Da Ya Tokare Ni. Idan waya ta yi ƙara, kallo ɗaya zai yi ya san rugar, ya san hanyar, ya san ma ko akwai karnuka a wurin.

Ranar wata Laraba ya sunkuya yana duba kofaton wani sa, wayar ta sulluɓe daga aljihu ta faɗa kwamin shayar da shanu. Kwana uku ta yi a hannun mai gyara a Kazaure. A kwanakin nan uku Malam Abatcha bai ci abincin kirki ba. Da wayar ta farfaɗo ya dawo gida yana ta hamdala kamar an sallamo ɗansa daga asibiti.

Matarsa Sa'adiyya malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata. Ta bari sai da ya gama cin tuwonsa, sannan ta ɗauko kwamfutarta ta ajiye a kan tabarma.

"Malam, wannan karon Allah ya rufa asiri. Na gaba fa?"

"Ba za a yi na gaba ba. Na sa tela ya yi wa aljihun maɓalli."

"Maɓalli ba ya hana sa taka waya. Akwai manhajar da za ta riƙe lambobin nan a waya da kwamfuta lokaci ɗaya. Na duba guda uku, kai za ka zaɓa."

Ya gyara zama, don yana son a ce shi zai zaɓa.

Ta farko, in ji ta, kyakkyawa ce, amma ba ta buɗuwa sai da sabis. Ya yi dariya har da tafa cinya. "A wasu rugagen sai na hau suri nake samun sanda ɗaya. Wuce da ita." Ta biyu kuwa tana kwashe lambobi daga waya ta zuba a kwamfuta, amma ba ta mayarwa. Ya ce wannan marowaciya ce, tana karɓa ba ta bayarwa. Ta uku tana aiki ko babu sabis, kuma da zarar an samu, duk abin da aka rubuta a waya zai bayyana a kwamfuta, abin da aka rubuta a kwamfuta shi ma ya bayyana a waya.

"Ko ina Gwiwa?"

"Ko kana Gwiwa."

"To ita ce. Mai amana kenan." Ya faɗi haka da muryar wanda ya daɗe yana nazarin lamarin.

Ran Asabar ya tafi kasuwar dabbobi, Sa'adiyya ta zauna ta buɗe jerin sunayen a kwamfuta. Tun daga layin farko ta kama baki. Dattawa masu jikoki, an rubuta su da awaki da gurguwar karsana! Ta ga wannan bai dace da mutum mai daraja irin mijinta ba. Ta ɗauko littafin rigakafi inda ake rubuta sunaye na gaskiya, ta bi lamba-lamba tana gyarawa. Da ta iso kan masu suna Hamma ta tarar su bakwai ne, kuma littafin bai kawo sunan mahaifin ko ɗaya ba. Sai ta yi abin da take yi wa ɗalibai masu suna ɗaya: Malam Hamma 1, Malam Hamma 2, har zuwa 7. Ta rufe kwamfuta tana jin daɗin aikinta, ta yi niyyar ba shi labari, baƙi suka shigo, ta manta.

Washegari da hantsi yana zuba mai a babur, waya ta yi ƙara. Ya duba, ya ga Malam Hamma 4. Ya juya wayar ya duba bayanta, ko ta wani ya ɗauko. Tasa ce.

"Likita! Saniya ta kasa haihuwa tun asuba, ƙafa ɗaya ce ta fito, ka yi wa Allah ka..." Iska na kaɗawa a cikin maganar, sai kuma ɗif. Ya kira, aka ce wayar a kashe take. Ya kira Sa'adiyya, ita kuma ta tafi gidan suna, wayarta na cikin jaka.

Ya tsaya riƙe da wayar. Ya shiga lissafin Hammominsa da yatsu. Biyu sun tafi mashekari, can wurin kiwo mai nisa, da shanunsu. Ɗaya tumaki kawai gare shi. Saura huɗu, kuma a cikinsu wanda ya san yana da saniya mai tsohon ciki shi ne na hanyar Gwiwa. Ya buga babur.

Ya tarar da wannan Hamman zaune a inuwa yana tufka igiya, saniyar tana tsaye tana tuƙa abinta lafiya lau. Aka shimfiɗa masa buzu, aka shiga gaisuwa, ta gida da ta shanu da ta ruwan bana. Kafin ya sami bakin magana an dire masa ƙwaryar fura da nono.

"Hamma, ba kai ka kira ni ba?"

"Ni? Wayata tun jiya tana wurin caji a gari."

Malam Abatcha ya nuna masa fuskar wayar, ya yi masa bayani a gurguje. Hamma ba ya karatun boko, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya ce a karanto masa ƙarshenta.

"Takwas, takwas, biyu."

"Ai ɗan gwaggona ne, na bayan dutse, yamma da Roni. Mai bijimin nan da ya taɓa jefar da kai cikin ƙaya." Sannan ya tambaya, "To ni na nawa ne?"

Suka duba. Shi ne na shida. Ransa bai so ba. "Na girme shi da shekara tara, Likita. Yaya aka yi ya riga ni?"

Malam Abatcha ya kurɓi furar sau biyu don kada a ce ya raina, ya yi alkawarin za a duba maganar, ya juya babur. Tafiyar da ba ta fi ta minti goma sha biyar daga gidansa ba, sai da ta ci masa awa biyu.

Ya sami saniyar a kwance ta galabaita, mata sun yi cirko-cirko daga nesa. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu da sabulu har kafaɗa, ya mayar da ƙafar ciki, ya laluba ya juyo da kan ɗan maraƙin. Da taimakon mutum biyu da igiya aka jawo shi. Ɗan maraƙin ya kwanta kamar babu rai, Malam Abatcha ya share masa hanci ya murza ƙirjinsa da tsumma, sai ga atishawa. Uwar ta miƙo wuya ta fara lasarsa. Bijimin nan yana ɗaure a turke yana kallonsu, Malam Abatcha kuwa bai yarda ya ba shi baya ba har ya bar rugar.

Da la'asar ya shigo gida, riga duk ta ɓaci. Ya ajiye wayar a gaban Sa'adiyya.

"Malama, wane ne Hamma na huɗu?"

Ta duba, ta gane, ta sa hannu ta rufe baki. Ya zayyana mata komai, har ƙorafin na shida. Ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe dariyar, ta kasa.

"Ka yi haƙuri, Malam. Ni a kwamfuta kawai na yi nufin gyarawa."

"Ke kika ce abin da aka rubuta can yana zuwa nan."

"Kai kuma ka ce mai amana ce."

Sai ya miƙe ya nemi ruwan wanka.

Aka yi sa'a manhajar tana ajiye tsohon rubutu na wata guda, kuma tana da gurbin laƙabi a ƙarƙashin suna. Suka zauna a tsakar gida suna mayarwa ɗaya bayan ɗaya, sunan yanka a sama don mutunci, laƙabi a ƙasa don aiki. Tana karantowa yana ba ta labarin yadda kowanne ya samo nasa, har ta ce ashe shekarun nan duka ba ta san rabin inda yake zuwa ba.

Wuri ɗaya kawai suka sami saɓani. Ta tsaya a kan wani suna da gyaranta na ran Asabar bai kai kansa ba, ta ɗago kai.

"Kawu Mai Rowar Nono. Malam, wannan lambar kawuna ce."

Ya yi gyaran murya. "Sau goma sha ɗaya na je gidansa. Ruwa ake ba ni."

"Ba zan rubuta wannan da hannuna ba."

Suka yi ta ja, ta kawo Kawu Na Kanya Babba, ya ce yana da Kawu biyu a can. Daga ƙarshe aka daidaita a kan Kawu Mai Tattali. Ta rubuta a kwamfuta, ya zuba wa wayarsa ido har sunan ya canza, sannan ya gyaɗa kai ya ce duk ɗaya ne, shi dai ya san wanda ake nufi.