Biskit Ɗin Baban Tilda

Dwight ya buɗe obin ɗin gashi, hayaƙi ya buge shi a fuska. Ya finciko farantin da tsumma ya dire a kan tebur yana yarfe hannu. Biskit ɗin duk sun narke sun haɗe da juna, gefensu ya yi baƙi ƙirin.

Tilda, 'yarsa mai shekara takwas, tana tsaye a kan kujera da ludayi a hannu, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ka ƙona su! Ai Preston takarda yake shimfiɗawa a ƙasa, kuma yana barin fili tsakaninsu."

"Preston, Preston," in ji Dwight yana kankare farantin da wuƙa. "Shi ya ƙirƙiro wuta ma, ko?"

"Kai Baba!"

Wannan suna dai ya ishe shi. Shekara biyu ke nan da suka rabu da Marcy, uwar Tilda, ta auri wannan Preston ɗin, wani siririn mutum mai tabarau da ke aikinsa a gida a gaban kwamfuta. Shi ne mai gasa burodi, shi ne mai yi wa Tilda kitso, shi ne ya koya mata keke. Dwight kuwa direban tirela ne, yau yana Nebraska gobe yana Ohio, sai ƙarshen mako ɗaya cikin biyu yake samun yarinyar. Da ma Preston ɗin mugu ne, ai da abin ya zo da sauƙi. To ba mugu ba ne, abin da ke ƙona wa Dwight rai ke nan.

Jiya Asabar suna cikin mota, Tilda tana zuba masa labarin tafki da suka je, sai bakinta ya suɓuce ta ce "Baba Preston". Ta yi sauri ta gyara, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Amma ina, ya ji, har cikin ƙashinsa. Kishi ne zalla ya kama shi, irin wanda namiji ba ya iya faɗa wa kowa. Gobe Litinin ake komawa makaranta bayan dogon hutu, kuma da ƙyar ya shawo kan Marcy ta bar shi ya kai ta da kansa. Ya rantse a ransa, abin da Tilda za ta ci a ranar farko daga hannun ubanta zai fito, kuma duk 'yan ajin sai sun ɗanɗana sun san tana da uba.

Ya sake kwaɓa gari da bota da sukari da ƙwai, sannan ya ɗauko ƙatuwar ledar da ba ta rabuwa da shi a tirela: soyayyiyar gyaɗa, zabibi, 'ya'yan kabewa, da ƙananan cakulan masu launi. Abin taunawarsa ke nan a hanya. Tun Tilda na ƙarama, in ya dawo daga tafiya takan haye cinyarsa ta tsince cakulan ɗin tas ta bar masa zabibi. Wannan kam nasu ne su biyu, Preston bai san da shi ba.

Ya juye rabin ledar cikin kwaɓin. Tilda ta leƙa kwanon, dariyarta ta ɗauke.

"Baba, gyaɗar nan..."

"Me ta yi? Preston ba ya sa gyaɗa, ko?"

"A'a, ai dama..."

"To mu muna sa. Mu 'yan gyaɗa ne tun kakanki." Ya ƙara damƙo wata ya watsa a ciki. "Juya, 'yar baba, juya da ƙarfi."

Ta dube shi, ta dubi gumin da ya jiƙa masa riga da garin da ya ɓata masa gemu, sai ta ci gaba da juyawa.

Wannan karon ya shimfiɗa takardar, ya bar fili, ko da yake bai yarda cewa shawarar wani ya bi ba. Biskit suka fito jajur, ƙamshi ya cika ɗan gidan nasa na haya. Tilda ta ci ɗaya da zafinsa tana hura baki.

"Yaya? Faɗi gaskiya. Nawa ko nasa?"

"Naka ya fi cakulan," in ji ta.

Ba amsar da ya so ke nan ba, amma ya karɓa. Ya jera su cikin babbar roba mai murfi, ya shiga wanka yana fito.

Washegari da safe harabar makarantar ta cika maƙil. Motocin ɗaukar yara masu launin ɗorawa suna sauke ɗalibai, iyaye sun tsayar da 'ya'yansu a jikin bango kowa riƙe da allon da aka rubuta ajinsa, ana ta ɗaukar hoto. Dwight ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya rungumi robar a ƙirji, Tilda na gefensa.

Sai ga Preston a bakin ƙofar ajin, da allo a hannu.

"Barka da safiya, Dwight. Marcy tana aikin safe a asibiti, ta ce in zo in ɗaukar mata hoto. Ba zan daɗe ba."

"Ai makarantar ba tawa ba ce," in ji Dwight.

Allon ma da hannu Preston ya zana shi, har da furanni a gefe. Kai, wannan mutum! Tilda ta riƙe aka ɗauka. Preston ya ce Dwight ya shiga a yi masu su biyu, ya shiga, yana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Malamar ajin, Malama Sandoval, ta fito tana gaisawa da iyaye. Da ta ga Preston sai ta washe baki.

"A'a, baban Tilda! Mun gode da taimakon jera kujeru ran nan."

"Ga babanta nan," in ji Preston da sauri, ya nuna Dwight. "Ni mijin mamanta ne."

Ko wannan gyaran ma haushi ya ba Dwight. Wa ya roƙe shi? Ya matsa gaba ya miƙa wa malamar robar, ya buɗe murfin da kansa.

"Na yara ne. Ni na gasa, da hannuna. Ya ishi kowa har da ke."

Malamar ta leƙa, ta ja da baya kamar ta ga kunama.

"Ayya, da gyaɗa a ciki? Don Allah rufe, yallaɓai. Akwai yaro a ajin nan mai borin jini, ko ɓurɓushin gyaɗa ya taɓa sai an kwashe shi zuwa asibiti. Gyaɗa ba ta shiga nan ko kaɗan. Kuma ma abin da aka yi a gida ba ma karɓa, sai na kanti a rufe, wanda aka rubuta abin da ke ciki. Ai mun yi bayani a taron iyaye makon jiya."

Makon jiya Dwight yana kan hanyar Kansas da lodin takin zamani. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya mayar da murfin, kunnuwansa sun yi zafi, yana jin idon sauran iyaye a bayan wuyansa.

"To ita Tilda fa? Ko guda ɗaya ba za ta shiga da shi ba? Me za ta ci in an fita tara?"

Preston ya sunkuyar da kai, ya sa hannu a aljihu a hankali ya zaro wani ɗan ƙunshin biskit na kanti, ya miƙa wa Tilda ta gefe kamar mai ba da kayan sata. Ita kuma ta karɓa ba tare da mamaki ba, ta cusa a jaka.

Dwight ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Ya aka yi ka san za a buƙace shi?"

Tilda ce ta amsa, muryarta can ƙasa. "Ni na kira shi jiya, da kana wanka. Na ce ya taho min da shi." Idonta ya kawo ruwa. "Na ce kar ya gaya maka, za ka ji ba daɗi. Ka sha wahala, Baba."

Ashe haka ne. Da abu ya dame ta, tana cikin gidansa, bango ɗaya ne tsakaninsu, wani ta kira. Shi kuma lallaɓa shi ta yi, yadda ake lallaɓa baƙo. Da malamar ta zage shi a gaban jama'a da ya fi masa sauƙi.

Aka kaɗa ƙararrawa. Tilda ta rungume shi a ƙugu ta ƙanƙame.

"Ka ajiye min masu cakulan da yawa, ka ji?"

"Na ji, 'yar baba. Shiga."

Ta ɗaga wa Preston hannu ta shige cikin yara.

Suka fito wajen ajiye motoci su biyu. Dwight yana da lodi da azahar, kuma ba zai sake ganin garin nan ba sai bayan mako biyu. Kafin nan biskit ɗin sun bushe sun zama tsakuwa. Ya tsaya a jikin motarsa yana juya maganar, ya nemi wata hanya ya rasa. Gida ɗaya ne Tilda za ta koma in an tashi, kuma ya san wanda zai buɗe mata ƙofa.

"Kai, Preston."

Mutumin ya juyo. Dwight ya miƙa masa robar ba tare da ya dubi fuskarsa ba.

"Ka ba ta biyu in ta dawo daga makaranta. Ba na kanti ba, waɗannan. Da madara."

"Zan ba ta. Zan ce mata daga babanta."

"Ta sani," in ji Dwight.

Ya shiga mota ya rufe ƙofa, amma bai tayar ba. Ya zauna yana kallon Preston ta madubi, yana tafe da robar a hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Addu'a yake a ransa mutumin ya buɗe ya saci ko guda ɗaya, ya samu abin riƙe shi da shi har Ohio. Preston ya kai motarsa, ya ajiye robar a kujerar gaba, ya gyara mata zama don kar ta zame. Ko murfin bai taɓa ba.