Haruffa Uku a Wayar Hamma

Masu shago a Keffi kan ce Ɓoɗejo Bature ne da aka manta a ruga. Rasaki makaniki ya ce bai taɓa ganin mai furfura ya ajiye sandar kiwo ya ɗauki fensir ba sai shi. Mata masu tallar nono kuwa cewa suke, in takarda ta zo, a kai wa Ɓoɗejo, ba ya ƙari ba ya ragi.

Da ajami ya tashi. Sai da cutar bushiya ta ƙarar masa da shanu ya dawo gari, ya shiga ajin manya na Malama Stella. Yana da ƙwazo, matsalarsa ɗaya ce: in ya yi sauri, idonsa daga dama yake farawa.

"Malam Ɓoɗejo, hagu!" in ji ta. "Turanci ba ya bin hannun cin tuwo."

Satin da rediyo ya ce yaƙin basasa ya ƙare, yayarsa Hapsatu ta same shi a zaure, shi kaɗai, da takardar wayar tangaraho a ƙulle a bakin zaninta. Ɗanta na fari, Hamma, soja ne, ya kuma tafi ba da son ranta ba. Shekara biyu ke nan ba labari.

"Duba mini. Wai daga wannan yaron ne."

Kalmomi huɗu ne: MOTHER COME NOW HAMMA. Ta farko uwa ce, ta biyu zuwa, duk ya san su da gani. Ta ukun ya yi sauri ya karanta ta WON.

"Adda, cewa ya yi sun ci nasara, yana nan tafe."

Ba ta yi guɗa ba, uwa ba ta yi wa ɗan fari haka. Ta dai koma ruga ta yaɓe ɗaki, ta ware bunsuru, kullum kuma bayan talla sai ta tsaya a tasha tana kallon masu sauka daga motar Makurɗi.

A kwana na goma sha ɗaya wani soja mai suna Godfrey ya sauko da akwatin ƙarfen kayan Hamma da labarin rasuwarsa. A gaban masu gaisuwar mutuwa ya faɗa, da gurɓatacciyar Hausarsa:

"Mama, kwana shida yana kira ki a asibiti. Ni na buga waya. Me ya sa ba ki zo ba?"

Hapsatu ta ɗago ta dubi ƙanenta. Ɓoɗejo ya sa ido a kan tabarma. Ta jira shi, ta gaji, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Washegari ya rubuta haruffan uku a bayan kwalin ashana ya kai wa Malama Stella, wai tambayar karatu ce.

"Kai, tambaya mai daɗi! N, O, W: yanzu. Juya ta: an yi nasara. Sa O a gaba: abin mutum na kansa. Haruffa uku, magana uku. Turanci ba shi da kunya, ko?"

"Ba shi da ita, Malama."

Gari ya yanke hukuncinsa. Aka ce Hapsatu fushin shiga soja ne ya hana ta zuwa, ta bar ɗanta ya mutu a hannun baƙi. Ba ta kare kanta ba ko sau ɗaya. Masu sayen nononta suka ragu, a wurin suna ba a ba ta jariri ta riƙe. Shi kuwa aka ci gaba da kawo masa takardu, yana karantawa da ɗan yatsa a dafe a gefen hagu. Kuɗin mai ya shigo, aka yi kwalta, Rasaki ya sayi babur, aka fara kiran Ɓoɗejo Akawu. In sun haɗu sai ta ce, "Ka kwana lafiya?" ya ce, "Lafiya lau, Adda." Shekara bakwai a haka.

Wata ranar kasuwa ya hango ta a ƙarshen layin masu nono, idanunta sun fara hazo, ƙuda na bin faifan ƙwaryarta. Wata mata ta tsaya za ta saya, abokiyarta ta ja ta.

"Ke! Wurin wannan? Wadda ɗanta ya yi ta kira?"

Hapsatu ta ji. Ta ci gaba da kora ƙuda.

Ɓoɗejo ya san Hamma ba zai dawo ba, shekarun nan ma haka. Ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta cikin turɓaya.

"Wane ne?" in ji ta.

"Ni ne. Ku ma ku tsaya ku ji. Wayar cewa ta yi ki zo yanzu. Ni na karanta ta a juye, na gane washegarin gaisuwa, na yi shiru don kada a ce ban iya ba. Da kin sani, da a ƙafa ma kin je. Adda, na cuce ki, na cuci Hamma. Ki yafe mini."