Gurbin da Ya Karkace

Dogo bai taɓa zaton zai yi kishin ƙaninsa ba, da furfurarsa da komai, amma abin da ya faru ke nan.

Tun da hannun Baba ya fara rawa ya ajiye aikin kafinta, Dogo ne ke riƙe da shagon shi kaɗai. Tsohon ko leƙowa ba ya yi. In Dogo ya gama gado ko tebur ya je ya ba shi labari, sai ya ce "To, madalla," ya ci gaba da murɗa rediyonsa. Dogo ya riga ya haƙura, yana ce wa kansa ai tsufa ne. Kwatsam sai ga Auta ya dawo gida, wai ya gaji da tuƙin babbar mota, sana'ar gado zai koya. Washegari tsufan nan ya warke. Baba ya sa aka kai masa kujera shago, kusa da teburin aiki.

Auta ya buga ƙusa ta lanƙwashe, Baba ya yi dariya ya ce hannun sitiyari ne. Auta ya goge katako, Baba ya shafa ya ce kai, ji santsi. Dogo na gefe yana haɗiyar ƙurar zarto da takaici. Ba wani abu yake nema ba. So yake sau ɗaya tsohon nan ya taso, ya tsaya a kan aikinsa, ya duba da kyau.

A bayan ƙofa akwai wasu faffaɗan katakai guda biyu, jajaye, da Baba ya ajiye tun yana da ƙarfinsa. Dogo ya sha roƙonsu ana hana shi. Ran nan da hantsi Baba ya nuna su da sandarsa.

"Auta, ɗauko su. Kanta za ka yi mini, in riƙa jera magungunana."

Dogo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, amma shi ya kama wa Auta suka ɗora su a tebur.

Kanta kuwa sai an yanka gurabe a jikin katakan gefe, daga baki zuwa baki, inda allunan za su shige su zauna. Da rauta ake yi, ɗan injin nan da ake riƙewa da hannu biyu, haƙorinsa na juyawa ta ƙasa yana cin katako. A ɗaure miƙaƙƙen itace a gicciye, a jingina faifan gindin injin da shi, a tura a hankali. To, rautar shagon tana da wani hali. Faifanta na asali ya taɓa tsagewa, Dogo ya yanko wani da kansa ya ɗaura, haƙorin bai zauna daidai tsakiya ba. Gefen da ka jingina da farko, da shi za ka ƙarasa. In ka juya ta ko kaɗan a hanya, gurbin ya kauce. Babu wanda ya san wannan sai Dogo.

Auta ya auna, ya ja layi da fensir, ya ɗaure itacen. Ya ɗauki injin ya waiwayo.

"Yaya, haka ake riƙewa?"

Dogo ya duba. Wayar injin ta bi ta gefen ƙarfen da aka matse itacen da shi, dole ta maƙale a tsakiya, kuma duk wanda wayarsa ta maƙale juya injin yake yi. Magana ɗaya ce za ta gyara komai, ta zo masa har bakin leɓe. Sai ya ga yadda Baba ya turo wuya yana murmushi, idonsa a kan Auta.

"Haka ne," in ji Dogo.

Injin ya ɗauki kuka, jan gari na tashi. Gurbin ya taho tsaf har tsakiya. Wayar ta maƙale, Auta ya karkata hannu ya kuɓutar da ita, ya ƙarasa. Da ya hure garin, ga shi nan: layin ya fita daga fensir ya yi ciki, ko makaho ya shafa zai ji.

Auta ya ajiye injin. Can ya ce, "Baba, na ɓata maka katako."

Dogo ya ji daɗi, ba ƙarya, wani daɗi mai ɗaci da bai kai ko'ina ba. Ya gyara tsayuwa yana jira a ce masa ya karɓa ya gyara.

Baba ya dafa sanda ya miƙe. Ya bi gurbin da yatsa har inda ya kauce. Sannan ya kifa injin, ya gwada tazarar haƙorin da babban yatsansa ta nan, ya gwada ta can. Ya daɗe yana kallon faifan.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Dogo.

"Ka san halinsa ke nan."

Tsohon bai yi faɗa ba, bai ma ɗago ya dubi Dogo ba. Ya jingine sandar, ya ɗauke wayar ya rataya wa Auta a kafaɗa, ya zagaya bayansa ya ɗora hannuwansa masu rawa a kan na Auta.

"Ba hannunka ba ne, Auta. Ɗauro itacen a layi na gaba, tare za mu tura." Ya ɗan gyara ƙafa, gwiwar hannunsa ta taɓa Dogo. "Kai kuma matsa ka ba mu wuri."