Bawul Na Bakwai

Abin da babu shi a cikin ontoloji, babu shi a duniya. Dakta, wani masanin kwamfuta, shi ne ya faɗi haka ranar da ya tara ma'aikatan gidan ruwa a ɗakin taro, kuma ya faɗe shi a hankali don masu ƙaramin karatu su samu su rubuta. Ontoloji, in ji shi, kundi ne da ya lissafa kowane irin abu da ke tashar, famfo da bututu da bawul da tanki, da dangantakar kowanne da ɗan'uwansa, da dokokin da ba za su iya karyawa ba. A kan kundin aka gina samfurin tashar a kwamfuta. A saman samfurin kuma akwai manhajar da ke bin dokokin ɗaya bayan ɗaya da ilimin manɗiƙi, ta yanke hukunci ko akwai saɓani. Kafin a tashi taron ma'aikata sun raɗa mata suna Alƙali.

Wata goma sha huɗu Dakta ya yi a kan aikin, kuma a cikinsu sau biyu ya sauka ɗakin injuna, duka biyun da hankici a hanci. Mai shigar masa da bayanai ita ce Injiniya, wadda ta yi shekara goma a tashar, ta kuma koyi cewa mai yin shiru ba ya rasa kujerarsa.

Daga bayan ɗakin wani ya ɗaga hannu. Baba Sifana ne, dattijon da ya shekara ashirin da shida yana kula da bawuloli, wanda ya samo sunansa daga ƙatuwar sifanar da ba ya rabuwa da ita. Shi da matarsa suna zaune a ɗaki ɗaya a kwatas ɗin ma'aikata.

"Ranka ya daɗe, na bakwai fa?"

"Me ya samu na bakwai?"

"Hali uku gare shi. Akwai buɗe, akwai rufe, akwai kuma ya ce maka ya rufe alhali ƙarya yake."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Baba ya jira ta lafa, ya yi bayani. Na bakwai shi ke tsayar da ruwa idan babban tanki ya cika da safe. Sandarsa tana juyawa har ƙarshe, na'urar da ke kanta ta aika rahoto cewa ya rufe, amma harshen da ke ciki yakan maƙale a kan tsatsa, ya bar kafa mai faɗin yatsa biyu. Sai an buga masa sifana sau biyu a wuya yake zama.

"Baba," in ji Dakta cikin murmushin da ake yi wa mai furfura idan ya yi shirme, "bawul ba ya ƙarya. Ko a buɗe yake ko a rufe, babu na uku. Ba ni na ƙago wannan ba, masana sun gama maganar tun kafin a haifi kakanka."

"To, Allah ya jiƙansu. Amma ba su zo nan ba."

Don a ga shi mai sauraro ne, Dakta ya ce wa Injiniya ta gwada. Da yamma ta ƙara wa bawul hali na uku. Alƙali ya nuna ja a allo a wuri arba'in da ɗaya, domin duk hujjojin da suka tabbatar tankin ba zai taɓa ambaliya ba sun jingina ne a kan hali biyu. Saura kwana tara bikin ƙaddamarwa, an riga an buga katin gayyata. Injiniya ta dubi allon na ɗan lokaci, ta goge layin da ta ƙara, komai ya koma kore. Ta haka aka gyara bawul na bakwai.

Ranar biki Manaja ya manna sanarwa cewa daga yau hannu ba zai taɓa wata na'ura ba sai da umarnin tsarin. Ya karɓi sifanar ya kulle a kabad ɗin ofishinsa. Baba kuwa aka ba shi kujera a bakin ƙofa, wai don a girmama shekarunsa.

Kwana uku bawul ɗin ya yi kawaici. A safiya ta huɗu tankin ya tumbatsa. Ruwa ya gangara ɗakin injuna ya ƙone motoci biyu masu juya famfo, ya bi ta ƙarƙashin katangar baya ya shiga gidajen layin da ke gangare, ya ɗauke musu takalma da kaji. Duk wannan lokaci allon ofis kore ne shar, yana cewa na bakwai a rufe yake. Baba ya ruga neman mukullin kabad, aka ce Manaja yana ganawa da baƙi. Ya tsinci guntun bututu, ya kutsa ruwa har gwiwa, ya buga wa bawul ɗin sau biyu a wuya. Ruwa ya tsaya. Mutum biyar suka gan shi, kuma duk biyar ɗin daga baya sun tuna da kyau.

Kwamitin bincike ya zauna a ɗakin taron nan. Dakta ya tashi da alƙalamin allo, ya jera hujjarsa tsaf. Samfurin ba shi da saɓani, Alƙali ya tabbatar. Samfurin ya ce bawul ya rufe tun bakwai da minti goma. Rufaffen bawul ba ya wuce da ruwa. Saboda haka wani abu daga wajen samfurin ne ya shiga tsakani. Abu ɗaya tak daga waje aka ga ya taɓa bawul ɗin a safiyar.

"Bayan ruwan ya zuba na taɓa shi, ranka ya daɗe," in ji Baba.

"Wannan faɗarka ce. Tsarin bai rubuta lokacin ba."

"To yaya za a yi ya rubuta, tunda bai san da ni ba?"

Manaja ya juya wajen Injiniya. "Akwai wani hali na uku a samfurin?"

"Babu, Yallaɓai."

Ba ta yi ƙarya ba, ita ce ta goge shi da hannunta.

Don a cike giɓin, aka ƙara sabon jinsi a kundin, aka kira shi Mai Katsalandan, mamba ɗaya. Injiniya ta danna, Alƙali ya yi kore. Karon farko ke nan da Baba ya shiga ontoloji. Aka miƙa masa takardar sallama ya sa hannu, aka ba shi mako guda ya bar ɗakin kwatas. Dakta ya raka shi har ƙofa yana ba shi haƙuri, ya ce shi kansa abin ya dame shi, amma hujja ba ta san fuska ba.

Baba da matarsa suka tare a gidan 'yarsu, gida na uku a layin gangare, inda har lokacin katifu ke shanye a kan katanga, bango kuma yana ɗauke da shatin ruwa daidai ƙugun jikarsa.

Kwana goma sha biyu tashar ta yi a tsaye ana gyaran motoci. Ranar da aka gama, da la'asar, Injiniya ta yi sallama a gidan. Ba ta yarda ta zauna ba. Ta ajiye wani dogon abu naɗe da jarida a gefen tabarma.

"Baba, gobe za a tada injuna."

"Na ji ƙarar gwaji."

"Ƙaramar ƙofar baya, sakatarta ba ta kamawa sosai."

"Ita ma hali uku gare ta ke nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Idan wani ya gan ka, ban san da maganar ba."

"Na sani, 'yata. Ki gaida yaran."

Ya dubi shatin ruwan da ke bango, ya jawo jaridar ya tura ƙarƙashin tabarma.

Bayan wata goma Dakta ya tsaya gaban wani babban taron injiniyoyi ya nuna jadawali: kwana ɗari uku babu ambaliya ko ɗaya, tun daga ranar da aka sallami Mai Katsalandan, aka cire hannun ɗan Adam daga tsarin. An tafa masa a tsaye. Injiniya ce ta zana jadawalin, kuma ya ambaci sunanta a shafin godiya.

A safiyar ranar, kamar kowace safiya, ƙarfe bakwai da minti biyar Baba ya hau gangaren yana dafa gwiwa. Ya tura ƙaramar ƙofa, ya laɓe bayan tanki har mai gadi ya wuce. Da sandar bawul ta gama juyawa, ya naɗe bakin sifanar da tsumma don kada a ji ƙara, ya buga sau biyu a wuya. Ya kasa kunne har harshen ya zauna. Sannan ya share sawunsa da gefen takalmi, ya ja ƙofar a hankali.