Waƙafin Esko

Ranar Laraba da hantsi Mirja Lampela ta kama kuskuren da ta yi mako biyu tana farauta, kuma da ta kama shi ko kaɗan ba ta yi murna ba.

Wani malamin jami'a ne daga Japan ya fara kawo ƙara. Ya rubuto wa zauren wasiƙunsu cikin ladabi, har da ban haƙuri sau uku, cewa Laskuri ta gaya masa lokacin da aikinsa ke ci ya ragu da kusan rabi, alhali shi bai taɓa komai ba. Laskuri ita ce manhajar da su Mirja suke kula da ita a wani ofishi na hawa na uku a birnin Oulu. Aikinta ta sa ido a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta faɗi wane aiki ya ci lokaci nawa. Ba mallakar kowa ba ce. Duk wanda ya ga dama a duniya yana iya buɗe cikinta ya karanta, ya aiko da gyara, kuma duk abin da aka rubuta a zauren a idon jama'a ake rubuta shi, ba ya goguwa.

Kuskuren kuwa abin dariya ne. A ƙasar su Mirja, in za a rubuta daƙiƙa ɗaya da ɗigo tara, waƙafi ake sawa tsakanin lambobin biyu, haka aka koya wa kowa tun firamare. A Japan ɗigo suke sawa. Ɓangaren Laskuri da ke kwatanta awon jiya da na yau waƙafi kawai ya sani. In ya ci karo da ɗigo sai ya tsaya cak, ya watsar da abin da ya biyo baya, ɗaya da ɗigo tara ta koma ɗaya. Shekara goma sha ɗaya abin yana nan kwance, don a ofishin nan babu kwamfutar da ta taɓa rubuta ɗigo.

Mirja ta bi tarihin manhajar ta ga wanda ya rubuta layin. Ta rufe, ta sake buɗewa, ko sunan zai canja. Bai canja ba. Esko Tervonen ne, wanda ke zaune taku huɗu daga teburinta yana ɓare lemo, wanda kuma jibi Juma'a zai ajiye aiki.

A wannan sana'a, duk wanda ya aika gyara dole ya sa layi ɗaya a ƙasa da ke nuna tsohon aikin da ya haifar da kuskuren, da shi kuma ake gane mai shi. 'Yan ofis suna kiransa layin tonon asiri. Wanda sunansa ya fito, shi ke kawo burodin kirfa na shan gahawar ƙarfe biyu. Mirja ta kawo sau bakwai. Esko kuwa shekara goma sha shida yana riƙe da Laskuri, ya ci burodin kowa, bai taɓa kawo ko guda ba. Ba ya cika baki a kan haka, shi ba mai yawan magana ba ne, amma akwai yadda yake ɗaukar burodin a hankali yana duban mai laifin ta saman gilashi, wanda ya fi cika bakin ciwo.

Shi ya ɗauki Mirja aiki shekara tara da suka wuce, lokacin da wurare uku suka ƙi ta. Shi ya maido mata da gyaranta na farko sau goma sha biyu, a na sha uku ya rubuta mata kalma ɗaya, "Madalla." Tana son tsohon nan ƙwarai, ko da yake da a ce za ta faɗa masa, da su biyun sun rasa inda za su sa kansu don kunya.

Tuomo ne ya same ta a ɗakin gahawa tana tsaye da kofi babu komai a ciki. Shi ne mai surutun ofishin, wato yakan yi magana ko ba a tambaye shi ba.

"Ke lafiya? Kin yi fuska kamar an ce miki an soke hutun bazara."

Ta miƙa masa wayarta. Ya karanta, ya ɗago, ya sake karantawa, sai bakinsa ya tafi har kunne.

"Kai! Tsoho? Waƙafi? Yau ranata ce. Ni dai na shagon kasuwa nake so, mai yawan man shanu, kada ya kawo mana na leda."

"Tuomo, in ka buɗe baki sai na tona wanda ya goge awon wata guda a bara ya ce wuta ce ta ɗauke."

"Haba Mirja, ai wutar ta ɗan yi ƙyafta ido."

"Kwana biyu ya rage masa. Ka bar shi ya tafi da sunansa."

Tuomo ya ɗan rage fara'a. "To ki ajiye gyaran sai Litinin mana."

"Ƙarfe huɗu na Juma'a ake rufe karɓar gyara. In ya wuce, sai bayan wata uku. Malamin Japan ɗin yana shirin buga sakamakon ƙarya a takardar bincike."

"To ya za ki yi?"

"Zan aika. Layin ne dai ba zan sa ba."

Tuomo ya dube ta da tausayi na gaske. "Wa zai duba gyaran?"

Su biyun sun san amsar. Duk gyaran da zai shiga Laskuri ta hannun Esko yake bi.

Ranar Alhamis da safe ta aika. Layi uku ne gyaran, ta yi masa bayani mai kyau, ta gode wa malamin Japan, ta tsallake layin tonon asiri kamar mantuwa ce. Don ta rage nauyin da ke ranta, da ta zo wucewa ta gefen teburin Esko sai ta tsaya ta ce, "Ya kake, Esko?" Ya ɗago ya dube ta na ɗan lokaci, ya ce, "Ina nan." Ta wuce.

Minti ashirin sai ga amsarsa a zauren. Taku huɗu ne tsakaninsu, amma a ofishin nan ba a tashi a je wurin mutum in ana iya rubuta masa.

"Gyaran ya yi. Ina layin?"

Ta rubuta: "Tarihin ya yi nisa, an sha jujjuya wurin. Da wuya a gane asalinsa."

"Aikin rabin awa ne. Ki nemo."

Ta saci kallonsa. Yana nan yadda yake kullum, riga mai gidan dara, takalmin cikin gida, yana buga madannai da yatsu huɗu. Bayan azahar ta sake gwadawa, ta ce tunda lokaci ya ƙure, ko za a karɓa haka, a ƙara layin daga baya. Wani Bajamushe da ba a san da shi a maganar ba ya tsoma baki ya ce shi ma yana ganin ba laifi. Esko ya amsa musu su biyun da kalma ɗaya: "A'a."

Juma'a ƙarfe biyu aka taru a ɗakin gahawa. An kawo kek mai kirim da 'ya'yan itace a sama, aka tsaya a jikin bango kowa da farantinsa, ana jira wani ya fara yanka don kada a ce shi ne mai zalama. Shugabar sashe ta yi jawabi na minti uku, wanda a wurinsu dogo ne. Ta ba Esko gatarin faskare da aka zana sunansa a ƙota, saboda gidansa na bakin tafki inda zai koma. Sannan ta ce, "Kuma a shekara goma sha shida, babu wanda ya taɓa cin burodin Esko." Aka yi dariya, aka tafa. Tuomo ya ƙware da gahawa har sai da aka bubbuga masa baya. Esko ya ce, "Na gode," ya ƙara da cewa kek ɗin ya yi daɗi. Kunnuwansa sun yi ja, kuma Mirja ta ga cewa ya ji daɗin maganar har cikin ransa. Nan ta ajiye farantinta da sauran kek ɗin a kai.

Ta koma teburinta. Ƙarfe uku da kwata. Tana zaune tana kallon gyaran sai ta ji an ja kujera a gefenta. Esko ne ya yi takun nan huɗu, da gatarinsa a hannu don bai san inda zai ajiye shi ba.

"Kuskurena ne ko?" ya ce.

"Wa ya gaya maka? In Tuomo ne..."

"Ba wanda ya gaya mini. Jiya kin tambaye ni ya nake. Shekara tara ba ki taɓa yi ba. Na ɗauka ko dai likita ya gaya miki wani abu a kaina, ko kuma kin samo kuskurena."

Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. "Ai da ka duba da kanka."

"Ba aikin mai dubawa ba ne. Aikin mai aikawa ne. Nuna mini."

Ta buɗe wurin. Ya gyara gilashi, ya matso, ya karanta layin da ya rubuta shekara goma sha ɗaya baya. Ga waƙafin nan tsirara, shi kaɗai, a tsakiyar allo. Ya daɗe yana kallo. Mirja ta yi zaton zai yi wani barkwanci, ko ya ce ai a lokacin haka ake yi. Bai ce ba. Fuskarsa ta sauka, ya ajiye gatarin a ƙasa a hankali, ya cire gilashin ya shafa idanunsa. Abin ya yi masa ciwo, kuma bai iya ɓoyewa ba.

"Waƙafi," ya ce. "Ni da nake koro mutane saboda tazarar layi."

"Kowa a nan haka zai rubuta, Esko. Ko ni."

"Amma ba ke kika rubuta ba." Ya mayar da gilashin. "Mutumin Japan ɗin, ya buga takardar?"

"Bai buga ba tukuna."

"To da sauƙi." Ya nuna allon da haɓa. "Rubuta."

"Esko, saura minti arba'in ka tafi. Ka karɓa haka kawai. Wa zai sani?"

"Ke."

"Ni na yarda in sani."

"Ni ban yarda ba. Rubuta, Mirja."

Ta rubuta. Lambar tsohon aikin, da takensa, da shekararsa. Ta yi kuskure sau biyu, shi kuma, da yake hali ba ya barin mai shi, ya nuna mata duka biyun. Da ta gama, kwamfutar da kanta ta ɗauki adireshinsa ta jera cikin waɗanda za a aika wa kwafi, kamar yadda take yi wa duk wanda layin ya nuna. Ya miƙa yatsa ya ce ta canja, ta sa adireshinsa na gida, na ofis za a rufe shi da yamma.

Ta danna. Can a teburinsa kwamfutarsa ta yi ɗan ƙara. Daga bayan katangar allo aka ji Tuomo ya ce, "Mai yawan man shanu fa, tsoho!"

"Kai dai ka koyi ajiye awo," in ji Esko, bai ko juya ba.

Ya tashi ya je ya karɓi gyaran, ya rubuta wa malamin Japan ban haƙuri na layi biyu, ya kashe kwamfutar. Ya sauya takalmi, ya zuba na cikin gidan a jaka, ya sa rigar ruwa. Mirja ta ɗauko masa gatarin da ya manta, ta raka shi har bakin matakala, abin da ba a saba yi ba.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Na so ka tafi da sunanka cikakke."

Ya karɓi gatarin, yana duban ƙotar maimakon fuskarta. "Daga Litinin sunanki ne a wurin mai kula. Duk wasiƙa gare ki za ta zo. Ni babu wadda za ta same ni." Ya juya gatarin a hannu. "Sai in an sa ni a layin nan."

Mirja ta tsaya. Ita duk kwana ukun nan sunansa take ta karewa, ba ta taɓa tunanin tsoho shi kaɗai a bakin tafki yana buɗe akwatin wasiƙa babu komai a ciki ba.

"Layi dubu arba'in na rubuta a cikin Laskuri," ya ce. "Ba zai yiwu a ce waƙafi ɗaya ne kawai ba." Ya sauka taku biyu, ya tsaya, har yanzu bai dube ta ba. "Ki dinga dubawa da kyau. Kada ki yi sauri, amma ki duba."