Hutun Rijiyar Hajjo

A Tungar Na'Allah, wata 'yar tunga da ke gefen Horo Birni, rijiya ɗaya ce tak, kuma ba mai gari ke iko da ita ba, Hajjo ce. Tsohuwa ce siririya mai kaifin baki, wadda ko jikokinta ba ta raga wa. Mahaifinta ya haƙa rijiyar tun kafin Turawa su ci Sakkwato, zurfinta gaba goma sha huɗu, ya kuma bar mata doka guda: da bazara, daga hantsi har la'asar, guga ba ya sauka.

Dokar ba camfi ba ce. Idon rijiyar cikin rairayi yake, a hankali yake tsattsafo da ruwa. In aka matsa masa da rana tsaka ruwan ya yi ƙasa, sai guga ya fara kwaso yashi, gindin ya zaizaye, daga nan sai ruftawa. Don haka da hantsi ya yi, Hajjo kan sa a jera itace a bakin rijiyar, a shimfiɗa zana, a danne da dutse. Kowa ya saba, har shanun Fulani sun san lokaci.

Ana nan sai Turawa, da suka gama ƙidayar mutane da dabbobi, suka ga saura ruwa. Aka ce za a san rijiya nawa ke ƙasar da guga nawa ake ja a kowace, domin a gina na siminti inda jama'a ta fi yawa, a cike tsofaffin da aka daina sha kada su ci mutane. Maganar ba ta da laifi, da an aiko mai tambaya.

Wanda aka aiko shi ne Malam Lawali, malamin ofis daga Boɗinga, da ya sauka a Shagari. Mutum ne da ba ya wasa da karin kumallo. Sai rana ta ɗaga yake isowa bisa doki, ya zauna gindin gawo da fensir, ya kalli rufaffiyar rijiya, ana azahar ya kama hanya. Kwana uku yana haka. Hajjo ta je ta yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu ya ce ba hira ta kawo shi ba. Ya rubuta cewa rijiyar ta mutu, ba mai shan ta.

Bayan mako biyu sai ga Baturen rijiyoyi a mota, da Malam Lawali a matsayin tafinta, da dogarai biyu da aka aiko a ƙasa tun safe. Rana ta take tsaka. Arzika mai gari ya faɗi ya yi gaisuwa, ya rantse cewa tunga uku ke shan rijiyar nan, guga ya fi ɗari biyu kullum. Bature ya dubi agogonsa. Ya ce to, a ja ɗari yanzu ya gani da idonsa, domin ana jiransa a Boɗinga. In ba haka ba, leburori za su zo su cike ta, mutane su koma ɗiban ruwa Dandin Mahe.

Dandin Mahe! Hajjo ta tuna matan da ke da ciki, da tulu a ka, cikin wannan zafi. Tsoro ya kama ta sosai. Amma da ta ga samari sun nufi dutsen, sai ta riga su, ta hau zanar ta zauna daram, ta miƙe ƙafa.

"Inna Hajjo, don Allah ɗaga," in ji Arzika, murya ƙasa-ƙasa. "Yau ɗai na. Mu ja mai shi gani, shi tahi."

"Guga ɗari da rana tsaka, mai gari? In kunka ja mai, kun hutar da lebura, da kanta za ta ruhta. Ba ni ɗagawa."

"Inna, Bature na hwa."

"Na gane shi, ba makauniya nike ba. Malam, hwaɗa ma Zaki, Baturen naka, shi samu inuwa shi zamna. In la'asar ta yi, shi ƙidaya har shi gaji."

Malam Lawali ya juya maganar, Allah kaɗai ya san yadda ya juya ta. Fuskar Bature ta yi ja. Ya ce wannan taurin kai ne ga hukuma, a kai tsohuwar Shagari gaban uban ƙasa, leburori kuma su zo ran Asabar. Ya bar wa malam takardar ƙara, ya ce ya tafi da ita tare da dogarai, shi kuma ya shiga motarsa.

Dogaran suka ɗauke Hajjo cak, don ba ta da wani nauyi. Wasu samari suka ce bari a ja ko da malam ne ya gani. Kafin su kai hannu, Zulai surukar Hajjo, wadda kullum suke cikin cacar baki, ta sauke taɓaryarta ta hau zanar. Atika mai ƙosai ta bi ta. Kafin a ce me, mata bakwai sun zauna. Hajjo ta ji hawaye na neman zubo mata, ta haɗiye, don ba ta son Zulai ta samu abin gori.

Su kuwa dogarai, da suka ɗaga kai suka dubi rana, sai suka ce ba mai hankalin da zai taka zuwa Shagari yanzu. Suka ɗaure Hajjo a hannu, suka zauna da ita gindin gawo. Malam Lawali ba shi da zaɓi, ya zauna shi ma, yana fifita da takardar ƙara.

Hajjo ba ta ɗauke ido daga inuwar gawon ba. Da ta kai inda take so, ta ɗaga murya.

"Zulai, buɗe!"

Guga na farko ya faɗa, aka ji ƙarar ruwa mai zurfi. Sai ga mutane ta kowace hanya: mata da tuluna, jakuna da salka, Fulani da garke biyu suna ta kuka. Malam Lawali ya miƙe tsaye, baki buɗe. Hannunsa ya lalubo fensir. Ya yi ta jan layi, kowane guga layi ɗaya, har shafi ya cika, ya juya, ya wuce ɗari da hamsin mutane ba su ragu ba. Gumi ya jiƙa masa riga, kuma ba na zafi ba ne kawai.

Ya zo ya tsuguna gaban Hajjo. "Inna, in nik kai wagga takarda ta ƙidaya, an san ban yi aikina ba. Kora ta za a yi."

"Kai ta, Malam. Kai ɗai na, su ko ga su nan, ka ƙidaya su da hannunka."

Malam Lawali ya sake ɗaukar fensir. Sa'annan ya rubuta sunansa a ƙasan shafin, ya ce gobe da sassafe zai wuce Boɗinga da takardar ƙidayar.

Dogarai suka ce tafiya. Zulai ta rugo da ƙwarya cike da ruwa. Hajjo ta sa aka karkata mata ita wajen haske, ta duba gindin da kyau. Ko ƙwayar yashi babu. Ta sha har ta ƙoshi, ta ce a ba dogarai saura, ta miƙe da igiya a hannu.

"Inna, yaushe za su sake ki?" Zulai ta tambaya.

"Oho musu. Ke dai gobe da hantsi ki ruhe ta, ko ina nan ko ba ni nan."